Tambaya da Amsa: Akwatin Imel na Jami'a, Ɓarayinsa da Masu Gadinsa

Assalamu alaikum. Wasiƙun wannan wata kusan duk abu ɗaya suke kuka da shi, wato akwatin imel na makaranta da abin da ke faɗowa cikinsa. Ban yi mamaki ba. Lokacin rajista ne da biyan kuɗin makaranta, kuma irin wannan lokaci shi ne kakar 'yan damfara. Shekarata 21 a sashen kwamfuta na wata jami'a, tun muna jan intanet da faranti a kan rufin ofis, kuma mafi yawan shekarun nan a kan imel na yi su. Na cire sunayen masu tambaya kamar yadda muka saba.

Na danna, kuma ina jin kunyar faɗa

*Malam, ni ɗaliba ce 'yar aji uku. Ranar Litinin saƙo ya shigo imel ɗina na makaranta, wai akwatina ya cika, in ban sabunta cikin awa 24 ba za a rufe shi. Har da tambarin jami'armu a jiki. Na danna, ya kai ni wani shafi, na sa adireshina da kalmar sirri. Jiya ƙawata ta ce ta samu irin saƙon daga gare ni, alhali ban tura ba. Ban gaya wa kowa ba, ina tsoron kada a ce ni na jawo a hukunta ni. Yaya zan yi? Wata ɗaliba, Kano.*

'Yata, ran da wasiƙarki ta iso na amsa miki kai tsaye, don irin wannan ba ta jira a buga mujalla. Ina maimaita amsar a nan saboda na san akwai irinki da yawa da suka yi shiru.

Abin da ya same ki shi muke kira saƙon fatsa. An ɗana ƙugiya, an rufe ta da tsoro da wa'adin awa 24, don kada ki samu sukunin tunani. Tambarin da kika gani kowa na iya kwafo shi daga shafin makaranta cikin minti ɗaya. Shafin da kika shiga kuwa zana shi aka yi ya yi kama da na gaske. Da kin ɗaga ido kin karanta adireshin da ke can sama, da kin ga bambanci. Sunan makaranta a farkon adireshi ba ya tabbatar da komai. Ƙarshensa ake dubawa, wato abin da ya zo daf da sandar farko mai karkata (/), ban da biyun da ke cikin https://. In na jami'ar Najeriya ne, galibi da edu.ng zai ƙare a wurin. Kuma ki riƙe wannan: babu ma'aikacin sashen kwamfuta da zai nemi kalmar sirrinki ta imel ko ta waya. Mu ba ma buƙatarta don gyara akwatinki.

Yanzu ga aikin da ke gabanki. Ki rubuta adireshin imel na makaranta da hannunki, kada ki bi ta kowane mahaɗi, ki shiga ki canza kalmar sirri. In kalmar nan ɗaya ce kike amfani da ita a Facebook, ko shafin rajista, ko manhajar banki, duk ki canza su, kowanne da tasa, domin ɓarawon da ya samu makulli ɗaya sai ya gwada shi a duk ƙofofin gidan. Ki kunna tabbacin mataki biyu, wanda ke neman lamba daga wayarki bayan kalmar sirri. Sai abin da yawancin mutane ke mantawa: ki shiga saitin akwatin ki duba ko an sa umarnin a riƙa tura kwafin wasiƙunki zuwa wani adireshi da ba ki sani ba, ko an sa ƙa'idar da ke share amsoshin mutane kafin ki gani. Sau da yawa na ga mutum ya canza kalmar sirri ya koma ya yi barcinsa, ashe ɓarawon na can yana karanta duk abin da ya shigo har wata biyu. Ki duba lambar waya da imel na ko-ta-kwana da ke jikin akwatin, ki tabbata naki ne. Ki fitar da duk na'urorin da ke ciki. Daga nan ki taka da ƙafarki zuwa sashen kwamfuta ki faɗa musu.

Wannan na ƙarshen shi ya fi damuna a wasiƙarki, don kin yi kwana uku kina ɓoyo. Bari in ba ki labari. Wata shekara wani ma'aikacinmu ya faɗa irin tarkon nan ranar Alhamis da yamma. Kafin ya kwanta ya gane ya yi kuskure, amma dattijo ne mai mutunci, ya ji nauyin a ce yaran sashen kwamfuta sun ji. Ya ce bari sai Litinin, watakila ma ba komai. Daga daren Juma'a zuwa safiyar Lahadi akwatinsa ya fitar da dubban saƙonnin shara zuwa ko'ina a duniya. Akwai ƙungiyoyi irin su Spamhaus da ke ajiye jerin adireshin da shara ke fitowa daga cikinsu, kuma manyan masu karɓar imel na duba jerin nan kafin su buɗe ƙofa. Kafin Litinin sunan jami'ar gaba ɗaya ya shiga. Wasiƙun kowa suka riƙa dawowa, daga na shugaban jami'a har na ɗan aji ɗaya. Akwai wani matashin malami da ke neman gurbin digirin digirgir a waje, wa'adin takardunsa ranar Litinin ɗin nan. Ina tuna yadda ya tsaya a bakin ofishinmu riƙe da waya, ya kasa magana. Sai da muka buɗe masa wata hanya ta daban ya tura. Kwanaki muka yi muna share-share da rubuce-rubuce kafin a cire mu. Da dattijon nan ya kira ni daren Alhamis, aikin minti biyar ne.

Kada ki ɗauka mu kaɗai abin ke samu. Jami'ar Maastricht da ke Holan, mai kuɗi da ƙwararru, ta hanyar saƙon fatsa aka shige ta a watan Oktoba na 2019. Masu kutsen suka zauna a ciki shiru sama da wata biyu suna ƙare wa gida kallo. Ranar 23 ga Disamba, ana shirin hutun Kirsimeti, suka kulle saba 267, wato manyan kwamfutocin da ke riƙe da bayanai da ayyukan jami'ar, har da wasu na ajiyar ko-ta-kwana. Garkuwa da bayanai ke nan, kuma sai da jami'ar ta biya fansar kuɗin intanet, bitkoyin 30, kimanin yuro 197,000 a lokacin. Mafarin duk wannan, wani ne ya buɗe abin da aka maƙala a imel yana tsakiyar aikinsa, kamar ke.

Maganar hukunci kuwa, ki kwantar da hankalinki. Ke aka zalunta. Dokar laifukan intanet ta Najeriya ta 2015, a sashe na 32, wanda ya ɗana fatsar da mai yaɗa bairos ta tanadar wa ɗaurin shekara 3 ko tarar naira miliyan 1 ko duka biyun. Ban taɓa ganin an kori ɗalibi don ya zo ya ce an yaudare shi ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, 'yata. Ki kuma kira ƙawar taki ki tambaye ta ko ita ma ta danna.

A cire mini wannan rariya taku

*Malam, ni malami ne a tsangayar kimiyya. Wata mujallar ilimi ta aiko mini da gyare-gyaren da zan yi a takardata, saƙon ya faɗa akwatin Spam, ban gani ba sai bayan mako biyar, wa'adi ya wuce. Amma kullum ina ganin tallar banza a babban akwati. Wace irin tacewa ce wannan? Na nemi sashen kwamfuta su cire ni daga ciki sun ƙi. Ni ba yaro ba ne, na san abin da zan buɗe. Wani Dakta, Zariya.*

Dakta, ranka ya daɗe, na ji zafin abin, don na san wahalar da ke cikin takarda ɗaya kafin ta kai ga masu tantancewa. Amma da ni ka zo wa, ni ma ba zan cire ka ba. Bari in yi bayanin dalili.

Ka ɗauki sabar imel kamar zauren gida. Kafin baƙo ya kai tsakar gida, tambayoyi ake masa kashi-kashi. Da farko ana duba inda ya fito, in adireshin na cikin jerin masu shara, a nan ake sallamarsa. Wasu makarantun na ƙara wata dabara: baƙon da ba a taɓa gani ba sai a ce masa ya je ya dawo anjima. Sabar ƙwarai za ta sake gwadawa bayan 'yan mintoci, na'urorin watsa shara da yawa kuwa ba sa dawowa. Wannan ne ya sa wani lokaci wasiƙar farko daga sabon mutum ke yin jinkiri. Na biyu, ana duba ko baƙon shi ne wanda ya ce. Akwai ƙa'idoji uku, SPF da DKIM da DMARC. Ta farko jeri ne da mai gida ke wallafawa na sabobin da ya yarda su aika da sunansa. Ta biyu hatimi ne da ake bugawa a jikin wasiƙa, in an taɓa ta a hanya ya lalace. Ta uku ita ke faɗa wa mai karɓa abin da zai yi da wasiƙar da ta faɗi waɗancan biyun. Na uku, ana buɗe kayan da baƙon ya riƙo, manhaja irin ClamAV ta caje su ko akwai bairos.

Sai mataki na ƙarshe, inda nake zaton wasiƙarka ta maƙale. Manhaja irin SpamAssassin tana ba wasiƙa maki ne kamar mai duba jarrabawa, sai dai a nan yawan maki shi ne faɗuwa. Mahaɗai sun yi yawa, maki. Sunan mai aikawa daban, adireshin da amsa za ta koma daban, maki. Hatimi bai yi daidai ba, maki. A saitinta na asali, in jimla ta kai 5 an yi mata alamar shara. To, mujallun ilimi da yawa ba mutum ke aika wasiƙunsu ba, na'ura ce ke fitar da su da sunan edita, cike da mahaɗai, da kalmomin wa'adi da gaggawa. A idon rariya kamarsu ɗaya da saƙon fatsa. Jami'o'in da suka mayar da imel ɗinsu hannun Google ko Microsoft ba waɗannan manhajojin suke amfani da su ba, amma tunanin ɗaya ne.

Wani abu da nake so mutanen jami'a su sani: kayan aikin nan da yawa a jami'a aka haife su. Exim, manhajar da ke jigilar wasiƙu a sabobi masu yawan gaske, Philip Hazel ne ya rubuta ta a Jami'ar Kambirij a 1995. MailScanner kuwa, wadda ke haɗa cajin bairos da tace shara wuri ɗaya, Julian Field ne ya ƙirƙiro ta a Jami'ar Southampton. Ma'aikatan sashen kwamfuta ne irinmu da matsalar ta ishe su. Jami'a wuri ne mai wuyar gadi: adireshin malamai a baje yake a shafin makaranta da jikin kowace takarda da suka wallafa, dubban sababbin ɗalibai na shigowa duk shekara, kuma aikinku ya tilasta muku buɗe wasiƙu daga mutanen da ba ku taɓa gani ba.

Ka ce kai ba yaro ba ne. Gaskiya ne, shi ya sa ƙugiyar da za a ɗana maka ba irin ta yara ba ce. A watan Maris na 2018 ma'aikatar shari'ar Amurka ta tuhumi 'yan Iran 9 masu alaƙa da wata cibiya mai suna Mabna da kutse a jami'o'i 144 na Amurka da wasu 176 a ƙasashe 21. A cewar takardar tuhumar, sun hari akwatunan malamai sama da 100,000, sun samu shiga kimanin 8,000, sun kwashe bayanai da suka haura terabayit 31. Dabararsu ita ce su karanta ayyukan farfesa, su rubuto masa kamar wani abokin aiki daga wata jami'a, su ce sun ji daɗin takardarsa kaza, ko zai duba musu wannan mahaɗi. Ya danna, sai ga shafi mai kama da na makarantarsa yana cewa ya sake shiga. Duk waɗanda suka faɗa masana ne, kuma yabon aikinsu aka yi amfani da shi. Wane marubuci ne ba ya son jin an karanta shi?

Abin da zan ba ka shawara: ka ware ranar Juma'a da safe, ko wata rana da ta yi maka, ka leƙa akwatin Spam sau ɗaya a mako, don a Gmail abin da ya kwana 30 a can gogewa yake. In ka ga ta ƙwarai, ka danna cewa ba shara ba ce, rariyar na koyo da hakan. Duk mujallar da ka tura wa takarda, ka sa adireshinta cikin jerin abokan hulɗarka tun ranar, ka kuma riƙa shiga shafinta kai tsaye kana duba inda aka kwana. Tallar da ke kutsowa babban akwati kada ka share ta kawai, ka yi mata alamar shara. Yawancinta ma na san irinta: gayyatar mujallun bogi masu alkawarin wallafawa cikin mako ɗaya in ka biya, da tarurrukan da ba su da mazauni. Ka rubuta wa editan can ka gaya masa gaskiyar abin da ya faru. Editoci sun saba da wannan, da yawa sukan ƙara wa'adi.

Shugaban sashe ne ya aiko ni?

*Malam, sakatariya ce ni a wani sashe. Saƙo ya zo mini da sunan shugaban sashenmu, wai yana cikin taron majalisar jami'a ba zai iya ɗaukar waya ba, in tura naira 85,000 wani asusu zai mayar mini da yamma. Allah ya taimake ni ba ni da kuɗin. Da ya fito ya ce bai san zancen ba. An shiga akwatinsa ke nan? Wata ma'aikaciya, Sakkwato.*

Hajiya, Allah ya ƙara tsarewa. Mai yiwuwa ba a shiga ba. Sunan da ke bayyana a saman wasiƙa kowa na iya rubuta wanda ya ga dama, kamar yadda mutum zai rubuta sunan wani a bayan ambulan. Waya kuma suna kawai take nunawa, ta ɓoye adireshi. Ki taɓa sunan, adireshin zai fito. In kika ga na Gmail ne da aka haɗa da sunansa da wasu lambobi, to an buɗe shi ne don ke. Sun ga sunayenku a shafin sashe, sun san wa ke ƙarƙashin wa, sun kuma san a tarbiyyarmu da wuya na ƙasa ya ce wa na gaba "bari in tabbatar". In kuwa adireshinsa ne na gaskiya, ya je sashen kwamfuta yau.

Ku yi yarjejeniya a ofis, shi da bakinsa ya faɗa a gaban kowa: duk maganar kuɗi ko canjin lambar asusu, sai an ji murya ta lambar wayar da aka sani tun da. Idan shi ya kafa ƙa'idar, ba wanda zai ji nauyin kiransa. Ki tura wa sashen kwamfuta saƙon, don na tabbata ba ke kaɗai aka aika wa ba.

Furojet ɗina da filashin shagon bugu

*Malam, ina ajin ƙarshe. Na kai filashina shagon buga takardu, da na dawo duk fayilolina sun koma 'yan gajerun alamu masu kibiya. Wani ya ce in sayi manhajar kashe bairos ta naira 1,500 a kasuwa. Kuma an turo mini wani fayil na Word ta imel wai jerin waɗanda suka samu tallafin karatu, in na buɗe yana cewa in danna Enable Content. In danna? Wani ɗalibi, Katsina.*

Ɗana, kada ka danna. Daga nan zan fara don ita ce mai haɗari.

Fayil ɗin Word ko Excel na iya ɗaukar 'yan umarni a cikinsa da ake kira makro, kuma maɓallin nan izini ne kake ba su su yi aiki a kwamfutarka. Tsohuwar hanya ce. A watan Maris na 1999 bairos ɗin Melissa ta haka ya bazu: ka buɗe takardar, ya aika kansa ga mutum 50 na farko a littafin adireshinka, kowannensu ya ga sunan wanda ya sani ya buɗe. Tun 2022 Microsoft ya toshe makro a fayilolin da suka zo daga intanet, shi ya sa yanzu 'yan damfara ke rubuta maka "bayanin" yadda za ka buɗe da kanka. Jerin sunaye ba ya buƙatar makro. Duk hukumar da ke ba da tallafi ko rancen karatu tana da shafinta, ka je can da ƙafarka ka duba, ko ka tambayi ofishin kula da harkokin ɗalibai. Wanda kuma ya ce ka biya kuɗin fom ta asusun wani mutum kafin a ba ka tallafi, ka san inda ya dosa.

Akwai wata dabarar da ya kamata ka sani. Ranar 4 ga Mayu, 2000, wani saƙo ya taso daga Manila ta ƙasar Filifin da taken ILOVEYOU, ɗauke da fayil mai suna LOVE-LETTER-FOR-YOU.TXT.vbs. Windows na ɓoye wutsiyar sunan fayil, don haka mutane suka ga kamar rubutu ne kawai, alhali shiri ne mai gudana. Cikin kwanaki ya shiga miliyoyin kwamfutoci. Shekara 25 ke nan da 'yan kai, amma har yau Windows na zuwa da wutsiyar a ɓoye, har yau kuma ina kama fayiloli masu suna irin result.pdf.exe. Ka shiga saitin manhajar duba fayiloli ka sa ta riƙa nuna wutsiyar suna. Ka yi hattara da abin da ya ƙare da exe, vbs, js, scr ko lnk, da kuma fayil ɗin zip da aka kulle aka rubuto maka kalmar buɗewa a cikin wasiƙar. An kulle shi ne don mai gadin zaure ya kasa leƙawa.

Filashinka kuwa, albishirinka, galibi fayilolin na nan. Wannan bairos ɓoye su yake ya ajiye alamun bogi a madadinsu, in ka danna alamar ya kama kwamfutarka. Kada ka danna ko ɗaya, kada kuma ka yarda wani ya goge filashin gaba ɗaya. Ka kai sashen kwamfuta, za a caje shi a fito da ɓoyayyun, aikin ɗan lokaci ne. Kwamfutar shagon bugu filashi ɗari ke shiga cikinta a yini, ba laifin mai shagon ba ne kaɗai. Nan gaba ka mayar da aikin PDF ka tura masa ta imel ko WhatsApp. Kada kuma ka shiga akwatinka a kwamfutarsa, in dole ta sa, ka fita kafin ka tashi.

Manhajar naira 1,500 ka bar ta a kasuwa. Wadda aka fasa ce, ba ta sabuntawa, wasu ma da cutar a cikinsu suke zuwa. Microsoft Defender da ke cikin Windows 10 da 11 ya ishe ka, in dai kana barin kwamfutar ta sabunta kanta. Na san data na da tsada, to ka yi amfani da intanet ɗin makaranta ka yi. Ka sani kuma Microsoft ya daina tallafin yau da kullum ga Windows 10 tun 14 ga Oktoba, 2025, Windows 7 kuwa tun Janairun 2020, don haka in injinka zai ɗauki 11 ka koma.

Abu ɗaya nake roƙonka, don duk shekara sai na ga ɗalibi na hawaye a kansa: furojet ɗinka ya zauna wuri uku. Kwamfuta, filashi, da ma'ajiyar intanet irin Google Drive. Duk daren da ka ƙara shafi, ka ɗora sabon kwafi da kwanan wata a sunansa.

Sanarwata ba ta isa

*Malam, ni ne sakataren ƙungiyar ɗaliban sashenmu. In na tura sanarwa ga mutum 300, rabi sai su ce ba su gani ba. Wani ɗalibi, Maiduguri.*

Ɗana, a idon rariya kai ma mai watsa shara ne. Saƙon talla na farko da tarihin intanet ya riƙe, wani ɗan kasuwar kamfanin kwamfuta na DEC mai suna Gary Thuerk ne ya aika shi ranar 3 ga Mayu, 1978, ga mutum kusan 400 a kan ARPANET, hanyar sadarwar da ta haifi intanet, kuma tun a ranar aka yi masa ca. Kai ga shi kana tura wa 300 a lokaci guda. Na kuma tabbata duk adireshin a fili kake jera su, kowa na ganin na kowa. In akwatin mutum ɗaya cikinsu ya faɗa hannun ɓarawo, ka ba shi 299 kyauta. Aƙalla ka zuba su a layin Bcc, inda babu mai ganin adireshin wani. Abin da ya fi, ka nemi sashen kwamfuta su buɗe muku adireshin rukuni guda ɗaya, wanda mutum biyu ko uku kaɗai ke da izinin aikawa ta cikinsa. Ka rubuta take mai ma'ana, ka bar manyan baƙaƙe da alamun motsin rai barkatai, kada kuma sanarwar ta zama hoto kaɗai babu rubutu.

Daga ina zan fara?

*Malam, an ɗauke ni aiki a wata sabuwar kwaleji, ni kaɗai ne a sashen kwamfuta, kuɗi kuma babu. Shugabanni na son in kawo lissafin manhajar tsaro mai tsada. Me zan sa a gaba? Wani ƙaninka a sana'a, Gusau.*

Ƙanena, barka da shigowa, Allah ya yi jagora. Kai kaɗai, ga wutar lantarki yadda take, ban ba ka shawarar riƙe sabar imel a ofishinka ba. Google da Microsoft duk suna da tsarin makarantu wanda matakinsa na farko kyauta ne ga makarantar da ta cancanta, kuma rariyarsu ta fi duk wadda za ka iya haɗawa. Amma miƙa musu ba ya sauke maka nauyi. Ka saita SPF da DKIM da DMARC a sunan makarantarku tun makon farko. Daga Fabrairun 2024 Google da Yahoo sun tsaurara a kan wannan, musamman ga mai aika wasiƙa 5,000 ko fiye a yini, kuma ranar da za ku tura wa duk masu neman gurbi saƙo za ka gane amfaninsa. DMARC ɗin ka fara da sa ido kawai, ka karanta rahotanni na 'yan makonni, ka gano duk na'urorin da ke aikawa da sunanku, kamar shafin rajista da na ɗakin karatu, kafin ka ce a riƙa ƙin karɓa. In ka yi gaggawa, rasit ɗin ɗalibanku za ka fara toshewa.

Tabbacin mataki biyu ya zama dole, ka fara da ofishin ma'aji, magatakarda, jami'an jarrabawa, da kai kanka. Za a yi maka ƙorafi, manya ma za su kira ka. Ka je ofishinsu ka saita musu da hannunka, ka buga musu lambobin ko-ta-kwana su ajiye a aljihun tebur mai makulli saboda ranar da waya ta ɓata. Ka sa iyaka ga yawan wasiƙun da akwati ɗaya zai fitar a awa, da ƙararrawar da za ta sanar da kai in an ƙetare. Ka rufe akwatunan waɗanda suka bar aiki da waɗanda ba a taɓa shiga ba, don ta nan ake yawan shigowa ba wanda ya lura. Sakamakon jarrabawa da bayanan albashi su samu kwafi a faifan da ba ya jone da komai, kuma sau ɗaya a zango ka gwada dawo da shi ka ga ko yana aiki.

Abin da zan ce ka kai wa shugabanni a madadin wancan lissafi ba shi da tsada: layin waya ɗaya na sashenka, da minti 20 a taron karɓar sababbin ɗalibai da na majalisar malamai. A minti 20 ɗin kada ka yi lacca. Ka haska musu saƙon fatsa na gaske da ka kama a makarantar, ku nemo alamun tare, sannan ka faɗa musu da bakinka cewa wanda ya danna ya kira ka, ko ƙarfe biyun dare ne, ba za a yi masa faɗa ba, sunansa kuma ba zai fita ba. Sai ka cika alkawarin. Mutum na farko da ya kira, ka gode masa kafin ka tambaye shi komai, domin yadda ka karɓe shi zai zaga makarantar kafin azahar. Lambar kuma ka manna ta a ƙofar kowane sashe, da ɗakin karatu, da allon sanarwa na masallaci da na coci, da shagunan bugu na bakin ƙofa.